Kwalba mai shuɗin murfi

Shekarata uku ke nan a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Makka. A nan aka haife ni, kakana ne ya taso daga Kano ta hanyar Sudan ya yi Hajji ya zauna. Shi ya sa da an kawo alhaji Bahaushe da ba ya jin Larabci, ni ake kira in yi tafinta.

Rana ta biyu a Mina aka kawo wani dattijo, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Ni na ɗebi jininsa, ni na auna. Di-daima ɗinsa ya ninka ƙa'ida kusan sau huɗu. Di-daima burbushi ne da ke saura a jini idan jiki ya narkar da gudan jinin da ya daskare, kuma a ma'aunin da muke aiki da shi ana so ya tsaya ƙasa da 500. A makaranta an karantar da mu cewa mai shanyewar ɓarin jiki da wannan lamba ta hau sosai ya fi samun babbar ɓarna a ƙwaƙwalwa, musamman idan gudan daga zuciya mai bugawa ba bisa ƙa'ida ba ya taso. Karatun gaskiya ne, ni ne na haddace shi rabi.

A baranda ɗansa ya tare ni. "Ɗan'uwa, don Allah yaya jikin Baba?" Na ce masa sakamakon bai yi kyau ba, sai addu'a. Nan take ya sulale ƙasa ya dafe kai.

Likitar da ke kan aiki, 'yar Sudan ce, ta ga abin da ya faru. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni shekarun dattijon, na ce 74. Ta ce tsufa kaɗai na ɗaga di-daima, har ma wajen neman gudan jini a huhu ko ƙafa, wanda ya haura 50 shekarunsa ake ninkawa sau 10 a sa masa iyaka. Ga zaman jirgi, ga ranar Arfa, ga zazzaɓi da tarin da ya zo da su. Mai ciki ma lambarta na hawa, haka wanda aka yi wa tiyata da mai ciwon daji. Tsananin shanyewar kuwa a jikin mutum ake duba shi: ya ɗaga hannu, ya bi yatsa da ido, ya faɗi watan da ake ciki, a tara maki a ma'aunin NIHSS mai tashi daga 0 zuwa 42, yawan maki yawan tsanani. Baba Alhaji ya samu 6.

Abin da take nema a wurina daban ne. Hoton kai ya nuna jijiya ba ta fashe ba, toshewa ta yi, don haka akwai damar allurar narkar da gudan jini, amma cikin awa huɗu da rabi kawai, kuma sai INR, wato awon jinkirin daskarewar jini, bai wuce 1.7 ba, ƙwayoyin da ke tsayar da jini ba su gaza 100,000 ba. Yaushe aka gan shi lafiya? Ɗan ya ce da hantsi. Hantsi kuwa yana da faɗi. Na tsugunna kusa da shi muka buɗe wayarsa, sai ga kiran da dattijon ya yi wa Hajiya a gida da ƙarfe 8:40, suna hira garau. Muna cikin lokaci.

Tun ranar nake kallon kwalba mai shuɗin murfi, wadda ake ɗiban jinin gwajin INR a ciki, da wani ido. Jini kashi tara ake so a kan sinadarin ciki kashi ɗaya. Idan bai kai layi ba, INR na iya hawa na ƙarya, a hana mutum allurar da ta cancance shi. Na gwammace in sake huda jijiya in ba da haƙuri.

Da yamma na nemi ɗan na roƙi gafararsa. Ya ce ba komai, amma idonsa bai washe ba tukuna. Kwana uku bayan haka na leƙa ɗakin. Na ce, "Baba, yaya jiki?" Ya miƙo min hannun dama, yana ɗan rawa, ya riƙe nawa ya tambaye ni ko wani ya yi masa jifa.