Abin da na koya a bayan raga wajen Baba Saje

Duk mai ɗaukar hoto a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna ya san Baba Saje, ko da bai san sunansa na yanka ba. Tsohon soja ne. Yana cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka sauka Laberiya a 1990, daga baya kuma aka tura shi Saliyo. Ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu, ya ajiye kaki, da kuɗin sallamarsa ya sayi kyamara da dogon madubi, dukkansu kwance. A hannunsa na koyi wannan sana'a.

Ya fara ne a zamanin fim, lokacin da naɗi ɗaya hoto 36 ne kacal, ga kuɗin wanki na jiranka. Da irin wannan fim ya yi aiki a 1999, sa'ad da Kaduna ta karɓi wasu wasannin gasar matasa ta duniya. Don haka ko da kyamarar zamani ta zo, hannunsa bai canza ba. Mu yara mukan danne maɓalli mu yi ta zubawa, mu koma gida da hotuna dubu muna tsintar na kirki. Shi kuwa sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, harsashi ne wannan. San inda za ka kai shi kafin ka taɓa kunama."

Babban karatun da na samu wajensa shi ne inda ake ajiye ido. Ya hana ni bin ƙwallo. In za a yi bugun kusurwa, yakan durƙusa a bayan raga, gwiwar mai ciwon a kan wani tsohon matashi da yake yawo da shi, ya kafa madubi a kan ɗan bayan da ya ga yana waige-waige. Can ƙwallon za ta sauka, domin masu kai hari sun riga sun gane shi ne mai rauni. Haka a wasan folo a dandalin Murtala lokacin gasar kofin Georgian: ba sanda yake kallo ba, kafaɗar doki yake kallo, don ita ke fara juyawa kafin mahayi ya kai duka. Sauran duk lissafi ne da kowa zai iya koya: saurin ɗauka kada ya gaza kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, in hazo ya rufe bayan la'asar ka ƙara wa kyamara ƙarfin karɓar haske.

Ba ya son labarin yaƙi, kuma ban taɓa matsa masa ba. Abin da kawai ya faɗa mini shi ne, a shingen bincike ba jarumi ke kai labari ba, sai wanda ya lura mata masu talla sun kwashe kayansu tun rana ba ta yi ba. In aka ci ƙwallo magoya baya suka fasa nokawut, nakan ga kafaɗarsa ta zabura, gumi ya keto masa a wuya, amma yatsansa na nan a kan maɓalli. Yadda yake danne wannan abu a ransa, Allah kaɗai ya sani.

Akwai kuma hoton da ba ya ɗauka. A gidan dambe yakan kama naushin da ya yi kisa, wato wanda ya kayar da ɗan dambe, amma da zarar mutum ya kai ƙasa, fuska cikin ƙura, sai ya sauke kyamara. Haka in ɗan wasa ya karye ana fita da shi yana kuka. Wani edita ya taɓa rage masa kuɗi a kan wannan, ya karɓa bai ce uffan ba. Da na tambaye shi, ya ce a Laberiya ya ga yadda ake tsallake mai rai ana neman inda hoto zai fi kyau. "Yaron nan yana da uwa, kuma tana da waya." Na san abokan aiki da ke ganin wannan tauye labari ne, suna da hujjarsu. Ni dai ina bayan Baba, musamman yanzu da hoto ke zagaye gari a WhatsApp kafin a kai mutum asibiti.

Yanzu ido ya yi rauni, fansho kuma ba ya kai wata. Fima-fimansa suna cikin wata akwatin ƙarfe a ɗakinsa a Kawo: ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ranchers Bees a zamaninta, mahaya folo, 'yan damben da da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Danshin damina ya fara cin wasu. Mun haɗa kuɗi mu almajiransa muna kwafe su a kwamfuta, kuma duk ranar Asabar ɗayanmu kan zauna da shi da littafi, domin yawancinsu babu suna babu shekara a jiki, shi kaɗai ya san ko su wane ne.