Ga Ƙannen da Za Su Gaje Ni a Bakin Dam

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, kuma tun da ku za ku riƙi kwalaben awon ruwa, bari in faɗa muku abin da ba ya cikin takardar miƙa aiki.

Kun san yadda takin zamani da kashin kaji ke gangarowa daga gonakin kayan lambu da damina. Naitirojin da fosfaras ɗin da ke cikinsu su ke ƙosar da gansakuka har ruwa ya yi kore shar. Idan ta mutu sai ta nutse, ƙwayoyin cuta su cinye iskar shaƙa ta ƙasan ruwa wajen ruɓar da ita. Daga nan laka ta fara haifar da iskar mitan, wadda a tsawon shekara 100 ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 28. Yawancinta ɓulɓulowa take yi, musamman a wurare marasa zurfi inda kogi ke zuba, da kuma lokacin rani idan ruwa ya ja baya. Na sha cusa sanda a lakar, kumfa ya taso har da wari.

Wannan duka na rubuta. Oga ya ja masa jan biro, ya ce masu ba da kuɗi tsaftar ruwan sha suka biya, kuma a jikin bangon dam kawai za a riƙa awo, inda ruwa ke da zurfi. To mai awo a can me zai gani? Bayan wata shida wasu baƙi suka zo daga Accra suna tambayar ɗumamar yanayi, sai ga shafukan nan a gabansu da sunansa, ni kuwa ina raba ruwan gora. Har yau abin na ci mini rai. Ruwan dam-dam ɗin Owabi da Barekese shi muke sha a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi. Ban ɗauki aikin da wasa ba.

Don haka ku sa kwanan wata a duk abin da kuka rubuta, ku ajiye kwafi a gida. Ku gaisa da manoma kafin ku yi musu zancen taki, domin mai neman abincin 'ya'yansa ba ya jin faɗa. Mazurarin tara kumfa da na haɗa da hannuna yana cikin sito, bayan jarkoki. Ku kai shi bakin kogi ko da oga bai ce ba.