Na je neman ɗanɗanon dawa a cikin kwalba

Tun kafin in yi nisa bari in ce wa 'yan'uwana musulmi ku yi haƙuri da ni yau, maganar giya zan yi, ba kuma tallarta nake ba. Ni ɗan kudancin Kaduna ne, a gidan da ake dafa burkutu na tashi, kakata da shi ta biya wa babana kuɗin makaranta, to in na yi maganar abin nan maganar gidanmu nake yi.

Asabar ɗin da ta wuce Kawu ya kira ni wai in same shi a mami maket na wani bariki nan wajen Ikeja. Tsohon soja ne, ya yi ritaya amma ya ƙi barin Legas, kuma duk wanda ya san bariki ya san in ka shiga mami kamar ka sauka a tashar Kafanchan ne, Hausa ko ta ina, Bayarabe na yi, Inyamuri na yi, mutumin Binuwai na yi. Na daɗe ina masa ƙorafin cewa yanzu a Ayilan, wato unguwannin tsibirin Legas, yara 'yan boko sai maganar kiraf biya suke, wato giyar da ake dafawa kaɗan-kaɗan a ƙaramin wuri ana sa mata zoɓo ko kofi ko citta, har akwai wani kamfani da ya sa wa kansa suna Bature, sunan ma da Hausa. Sai Kawu yace kafin ka je can ka kashe albashinka zo mu zauna mu ɗanɗana na manyan kamfanoni a tsanake tukuna, don yawancin masu sha ba ɗanɗanawa suke ba, kwankwaɗa kawai suke.

Kwalba huɗu muka sa aka kawo, Star da Gulder da Trophy da baƙar nan Guinness, mu uku har da wani abokinsa, da ƙananan kofuna da ruwan gora na kurkure baki. Malam mai tsire da ke gefen shagon ya kawo mana balangu a takarda da yaji da albasa, Kawu ya sa aka ba shi Maltina mai sanyi ya zauna kan benci yana kallonmu yana dariya.

Da Star muka fara tunda ita ce babba. A Iganmu nan Legas kwalbarta ta farko ta fito a watan Yunin 1949, kamfanin Nigerian Breweries kuwa tun 1946 aka kafa shi, kuma mu 'yan Kaduna mun san reshensu na Kakuri da aka buɗe a 1963, duk wanda ya taɓa wucewa ta wajen da safe ya san ƙamshin dafaffen hatsin nan da ke cika unguwa. Launinta ruwan zinare, kumfa fari tas amma baya daɗewa, a baki ba nauyi, ɗan zaƙin hatsi a farko sai ɗaci kaɗan ya biyo ya wuce. Giyar zafin rana ce, in ta yi sanyi sosai tana tafiya da yaji. Gulder da ta fito a 1970 tafi ta jiki, launin yafi duhu, ɗacin yana zama a bayan harshe har bayan ka haɗiye, ni dai cikin farare ita na fi so da nama. Trophy ta mutanen Ilesa ce, nan ƙasar Yarbawa ana ji da ita sosai, mai sauƙi ce tana sauka sumul, ban daɗe a kanta ba.

Baƙar ce ta tsayar da ni. Yarbawa na kiran babbar kwalbarta odeku. Da Kawu ya karkata kofi ya tsiyaya a hankali kumfan ya taso ruwan ƙasa-ƙasa kamar kunun da aka sa wa gyaɗa soyayya, na kai hanci naji ƙamshin ƙanzo, irin ƙanzon tuwon da ya kama gindin tukunya. Kurɓar farko ɗaci ne sosai, na kofi wanda ba suga, bayansa wani zaƙi mai kauri kamar mazarƙwaila da ta ɗan ƙone, to amma can ƙarshe, daidai lokacin da zaka haɗiye, akwai wani ɗan tsami siriri da ke fitowa ta gefen harshe, wallahi da naji shi sai da na ajiye kofin, don tsamin nan na san shi tun ina yawo ba wando, shi ne ke tashi daga randar kakata ranar da burkutu ya nuna.

Nace Kawu, kaji abin da naji kuwa? Yace ɗana ai dawa ce kake sha.

Nan ya ba ni labarin da ban taɓa haɗa shi da kwalba ba. A 1988 lokacin Babangida gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, alhali da shi duk kamfanonin nan suke aiki tun farko, kuma sha'ir baya yi a ƙasarmu yadda zai ishe su. Dole suka juyo kan dawa da masara. Kawu yace yana ƙaramin soja lokacin, kuma kowa a mami ya ji bakin giya ya canza, wasu suka yi ta ƙunƙuni har suka saba. Aikin bai zo musu da sauƙi ba fa, don dawa ba ta da halin sha'ir, sitacinta sai an ba shi wuta sosai kafin ya narke, sinadarin da ke juya sitaci ya koma suga ba shi da yawa a tsironta sai an ƙara daga waje, sannan ba ta da ƙaiƙayin da ke taimakawa wajen tacewa, sai da suka sake injuna. Masu bincike a Samaru ta Zariya suna da irin gajerar kaura da ake kira SK5912, tana cikin wanda kamfanoni suka fi nema. Daga baya an ɗage haramcin amma dawa ta riga ta samu wurin zama. Guinness ɗin Najeriya, wadda masana'antarta ta Ikeja ta 1962 ce ta farko da kamfanin ya gina a wajen ƙasar Ayalan da Birtaniya, har yau da dawa ake yinta a haɗa da wani gauraye da ake kawowa daga Dablin babban birnin Ayalan, ƙarfinta 7.5 cikin ɗari, na can da ake zubawa daga famfo kuwa 4.2 ne. Shi yasa kofi ɗaya ya isa a ɗanɗana, ba abar wasa bace, kuma dukanmu ba wanda ya zo da mota.

Malam mai tsire da ke jinmu ya ɗaga kwalbarsa yace to Oga wannan tawa fa? Kawu yace Malam taka ma daga tsiron hatsi take, bambancin ita ba a barinta ta tashi, shi yasa ba ta bugarwa. Ya jinjina kai yace a garinsu wajen Funtuwa tirela-tirela ake lodin dawa ana cewa ta kamfani ce.

Ni kam daga nan hankalina ya bar teburin ya koma tsakar gidanmu. Kaka takan jiƙa jar dawa ta kwana, ta tsame ta baza a ɗaki ta rufe da ganye, kullum tana yayyafa ruwa har kwana huɗu ko biyar sai kaga ta fito da farin gemu, sannan a shanya a rana a kai inji. Ranar dahuwa tun asuba ake hura wuta ƙarƙashin manyan tukwane, a dafa a sauke a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, a zuba ɗan na jiya a ciki ya tayar da shi. Kusan sati guda ana abu ɗaya, hayaƙi ya gama cinye mata ido. Ba ta da ma'aunin zafi ba ta da agogo, yatsa take tsomawa ta ɗanɗana tace saura kaɗan. Kuma kowace mace da hannunta, tsofaffin unguwa daga kurɓa ɗaya a ƙwarya zasu faɗa maka na gidan wance ne. In ba a shanye cikin kwana ɗaya ko biyu ba ya tsamame ya lalace, shi yasa ba zaka taɓa ganinsa a kanti ba.

Wannan ne abin da ke ci min rai. Duk abin da yaran Ayilan ke yabo, wai ana yi kaɗan-kaɗan, wai da kayan gida, wai kowane dahuwa da ɗanɗanonsa, matan nan sun fi shekara nawa suna yi, amma su sunansu masu burkutu, ana faɗa ana yatsina fuska, 'ya'yansu ma wasu kunyar faɗa suke. Ban ce abin ba illa ba, na ga mazan da suka sayar da amfanin gona tun yana tsaye saboda ƙwarya, na ga matan da suka sha wuya a dalilin haka, a danginmu ma akwai. Amma gwanintar hannun gwaninta ce, kuma manyan kamfanoni da injiniyoyinsu sai da suka yi shekaru suna fama kafin su iya da hatsin da kakata ke juyawa da muciya.

In don ɗanɗano ne, a wurina baƙar ce gaba, sai Gulder, sai Star, sai Trophy. Kawu shi Star ya sa a gaba, yace da ita ya yi murnar igiyarsa ta farko. Abokinsa bai zaɓa ba, balangun ya fi damunsa.

Da na koma ɗaki wajen tara na dare na kira Gwaggo, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka koya a hannun kaka, yanzu ma ta bari saboda coci da ciwon ƙafa. Nace Gwaggo in na zo Kirsimeti zaki nuna min yadda ake gane tsiro ya isa shanya? Tayi shiru tukuna tace me zaka yi da shi kai da ke Legas. Nace rubutawa zan yi in ajiye. Tace to ka zo da mudu biyar na jar dawa, kar ka sayo fara.