Makonnin Farko a Lambun Bayan Gida

Duk shekara idan lokacin shuka ya ƙarato, nakan ƙagu in ga iri a ƙasa tun ita ƙasar ba ta shirya karɓarsa ba, kuma na daɗe da gane cewa wannan zumuɗin ya fi kowane ƙwaro yi mini ɓarna a ɗan lambun da ke bayan gidana. Yawancin matsalolin da nake kuka da su a tsakiyar lokacin kayan lambu, idan na bi sawunsu, sai in tarar a makonni uku ko huɗu na farko na buɗe musu ƙofa da kaina.

Aikin farko shi ne kwashe ragowar shukar bara, domin a cikin busassun karare da ruɓaɓɓun ganyaye ne ƙwayayen ƙwari da cututtuka ke laɓewa suna jiran sabon tsiro. Wanda ya nuna alamar cuta ba na zuba shi a ramin taki, nakan fitar da shi daga lambun gaba ɗaya. Kafin in sa fartanya kuma nakan damƙi ƙasar a hannu in matse. Idan ta dunƙule kamar yumɓu tana naso, to ruwa ya yi mata yawa, kuma wanda ya kafce ta a haka zai wayi gari da ɓurɓushin hoge masu tauri waɗanda saiwa ba za ta iya ratsawa ba. Idan kuwa ta wargaje da ɗan taɓi, lokaci ya yi. A nan ne nake zuba taki, amma ruɓaɓɓe wanda ya huce ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone ƙananan saiwoyi, ɗanyen kashin dabbobi kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke kama mutum, shi ya sa ƙa'idar noman da ba a sa masa sinadarai a Amurka ta gindaya kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, irin su karas da latas, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓa ta.

Irin da ya kwana a ajiye kuwa ba na yarda da shi sai na gwada. Nakan ƙirga ƙwaya goma in naɗe a tsumma mai laima, in ajiye a wuri mai ɗumi na kimanin mako guda, sannan in duba nawa suka tsiro. Irin albasa ba ya jure ajiya, da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu da ƙarfinsa, alhali na tumatir yakan kai shekara huɗu idan ya samu wuri busasshe. Wajen shukawa, zurfin ramin kada ya wuce ninki biyu ko uku na kaurin ƙwayar. Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne cika iri a wurin reno da yawan ban ruwa, domin wata shekara na tashi da safe na ga tsiron barkonona ya kwanta layi guda, gindin kowanne ya tsuke ya yi baƙi kamar an murɗe shi. Ruɓar gindi ce, wadda ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa ke haddasawa inda laima ta yi yawa kuma iska ba ta ratsawa, kuma tsiron da ta kama ba ya tashi. Sauri ya haifi nawa, sai da na sake reno daga farko.

Tumatir da barkono da gauta da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka ba na mayar da ɗayansu inda ɗan'uwansa ya zauna bara. Wanda ya taɓa tuge tumatir ya ga saiwarsa ta yi ƙulle-ƙulle ya san aikin ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, waɗanda ke ƙaruwa duk shekarar da aka maimaita musu abincinsu.

Idan tsiron tumatir ya kai mako huɗu zuwa shida, nakan rage masa ruwa da inuwa sannu a hankali na tsawon mako guda, sannan in yi dashe da yamma don ya samu dare ya farfaɗo. Daga wannan daren ne tsutsar da ke yanke gindi take fara aikinta. Da rana tana kwance a naɗe ƙarƙashin ƙasa kusa da shukar, da dare ta fito ta datse karan daidai fuskar ƙasa ta bar shi a yashe. Maganinta mai sauƙi ne: a zagaye gindin kowane dashe da zoben kwali ko gwangwanin da aka cire wa gindi, a nutsa shi kaɗan cikin ƙasa. Inda ta riga ta yi ɓarna kuma, a tona da yatsa a gefen, yawanci tana nan.

Darɓa ce ta fi koya mini darasi. Waɗannan ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye suna haihuwar 'ya'ya da rai ba tare da barbara ba, 'ya'yan kuma cikin kimanin mako guda sun isa haihuwa, shi ya sa 'yan ƙalilan da aka raina yau sukan lulluɓe bayan ganyen kabeji kafin a ankara. Alamarsu ta farko sau da yawa kiyashi ne masu hawa da sauka a jikin kara, domin suna lasar ruwa mai zaƙi da darɓar ke fitarwa, suna kuma kare ta daga maƙiyanta. Na taɓa yi mata feshin magani mai ƙarfi, ta ɓace, bayan 'yan makonni ta dawo fiye da da, saboda maganin ya tafi har da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi wanda shi da 'ya'yansa ke cinye ta. A ganina feshi a ƙaramin lambu abu ne na ƙarshe. Watsa ruwa da ƙarfi a bayan ganye, ko ruwan sabulu marar kauri da yamma, yakan isa idan an farga da wuri. Haka nan tsutsar nan mai yin hanyoyi a cikin ganyen tumatir, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne kuma aka fara ganinta a Sifaniya a 2006 kafin ta bazu, tsinke ganyen da ta shiga tun yana ɗaya ko biyu ya fi jiran ta kai ga 'ya'ya. Dodon koɗi kuwa nakan bi shi da fitila bayan faɗuwar rana in tsince.

Ciyawa iri-iri ce, amma aya-aya da kiri-kiri ne ke gwada haƙurin mutum, domin sara da fartanya yana yayyanka jijiyoyinsu ne kawai, kowane guntu kuma ya zama sabuwar ciyawa. Sai an tono su da 'ya'yansu da jijiyoyinsu tun ƙasa na da laushi, sannan a rufe tsakanin layuka da busasshiyar ciyawa marar iri. Shinge ma nakan gyara shi kafin tsiro ya fito, saboda akuya ɗaya ko kaji uku za su iya share aikin wata guda kafin a gama karin kumallo, ga ɓeraye da tsuntsaye masu tone iri. Bana na ƙara ragar waya a ƙasan shingen na binne gefenta, kuma gobe da sassafe zan zaga in juya ganyayen kabejin ɗaya bayan ɗaya, domin jiya na ga kiyashi a layin da ke kusa da bango.