Abin da na gani a kwamitin ladabtar da ɗalibai

Kowace jami'a tana da kundin dokokin da take miƙa wa sabon ɗalibi, kuma kusan kowane ɗalibi yana sa hannu a takardar alkawarin bin abin da ke cikinsa ranar da aka rantsar da shi, amma ƙalilan ne suke buɗe wannan kundi kafin wata matsala ta taso musu. Na fahimci girman wannan al'amari ne a shekarata ta uku, lokacin da ƙungiyar ɗalibai ta tura ni in wakilce ta a kwamitin ladabtarwa, inda na zauna tare da malamai da jami'in ofishin magatakarda da lauyan jami'a, muna sauraron ɗaliban da ake tuhuma da karya doka.

Kafin zama na farko, sakataren kwamitin ya ba ni kundin ya ce in karanta shi daga bango zuwa bango, domin a cewarsa wakilin da bai san doka ba kujera kawai yake cikewa. Da na karanta sai na ga ashe dokokin ba iri ɗaya ba ne. Akwai na karatu, waɗanda suka shafi rajistar kwasa-kwasai da halartar darasi da jarrabawa da satar fasaha. Akwai na zaman tare, kamar na ɗakunan kwana da sutura da lokacin rufe ƙofa da kafa ƙungiyoyi. Akwai kuma wasu 'yan shafuka can ƙarshe, waɗanda su ne suka fi ɗaukar hankalina, domin su ne suke bayanin yadda za a tuhumi ɗalibi, da wanda ke da ikon hukunta shi, da hanyar da zai bi ya ɗaukaka ƙara. Ɗalibai suna yawan ƙorafi a kan kashi na biyu, kashi na farko ne ya fi jefa su cikin wahala, na ukun kuma, wanda shi ne kariyarsu, da wuya ka sami wanda ya san da shi.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wata ɗaliba 'yar aji ɗaya da aka samu da waya a ɗakin jarrabawa. Ta shigo gabanmu riƙe da takardar gayyata da ta nannaɗe har ta yamutse, muryarta tana rawa. Shugaban kwamitin, dattijo mai sanyin magana, ya ce mata: “'Yata, kwantar da hankalinki, ki faɗa mana abin da ya faru.” Ta ce: “Ranka ya daɗe, wallahi a kashe take, ban ko taɓa ta ba, na manta ne tana cikin aljihuna.” Rahoton mai sa ido bai musa hakan ba, kuma babu wanda ke zaune a wurin da bai gaskata ta ba. Matsalar ita ce sashen dokar da aka tuhume ta da shi bai ambaci amfani da waya ba, ya ce shiga da ita ɗakin jarrabawa shi kansa laifi ne. Na yi magana iyakar ƙoƙarina a kan niyyarta da ƙarancin saninta, kwamitin kuma ya ba da shawarar mafi sauƙin hukuncin da dokar ta yarda da shi, amma duk da haka ta rasa wannan kwas, ta kuma shiga shekara ta gaba da nauyinsa a kanta.

Na daɗe ina jin zafin wannan hukunci, sai dai da na saurari hujjar malaman na gane ba don mugunta aka tsara dokar haka ba. Mai sa ido ɗaya da ke kula da ɗaruruwan ɗalibai ba shi da hanyar sanin abin da ke zuciyar kowa, kuma da za a ce sai an tabbatar da niyya kafin a yi hukunci, da duk wanda aka kama zai rantse cewa mantuwa ce. Abin da har yau ban yarda da shi ba shi ne a bar irin wannan doka mai tsanani a ɓoye cikin shafukan da babu mai karantawa, alhali kuwa minti biyu na tunatarwa a bakin ƙofa kafin a raba takardun tambayoyi zai isa ya ceci yara da yawa.

Akwai kuma waɗanda ba su aikata komai ba, rashin rubutu ne ya cuce su. Wani ɗalibi ya bar makaranta tsakiyar zangon karatu don ya yi jinyar mahaifinsa, ya gaya wa malamin da ke kula da ajinsu da baki, malamin ya yi masa fatan alheri, shi ke nan. Da ya dawo sai ya tarar an rubuta masa faɗuwa a dukkan kwasa-kwasan da ya yi wa rajista, saboda babu wata takarda a fayil ɗinsa da ke nuna ya nemi izinin jingine karatu. Jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a zauna jarrabawa, suna kuma ɗaukar wanda ya ɓace ba tare da izini a rubuce ba a matsayin wanda ya janye da kansa. A nan na koyi cewa jami'a ba ta tuna maganar baka, komai kyawun zuciyar wanda aka gaya wa. Abin da ta sani shi ne wasiƙa mai kwanan wata da hatimin ofishin da ya karɓa, da kwafin da ɗalibi ya riƙe a hannunsa. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo mini da matsalar rashin lafiya ko rasuwa ko rashin kuɗin rajista, abin da nake fara tambayarsa shi ne ko ya rubuta, kuma wa ya sa masa hannu a kwafinsa.

Dokokin ɗakunan kwana ba su ba mu wahala sosai ba. Hana amfani da na'urar dafa abinci mai jan wuta da yawa, ko hana ajiye wanda ba a ba shi gado ba, abubuwa ne da dalilinsu yake a fili ga duk wanda ya taɓa ganin wayar lantarki ta narke a ɗakin da ya cika maƙil.

Lauyan jami'ar ne ya fara ja mini hankali ga tarihin haƙƙin a saurari ɗalibi, daga baya kuma na bi diddigin maganar da kaina. A shekarar 1960 an kori wasu ɗalibai baƙar fata daga wata kwalejin gwamnati a jihar Alabama ta Amurka bayan sun shiga zaman dirshan na ƙin jinin wariyar launin fata, ba tare da an gaya musu takamaiman laifinsu ko an ji ta bakinsu ba. A 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa makarantar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi saboda rashin ɗa'a sai ta sanar da shi tuhumar ta kuma ba shi damar kare kansa. A Nijeriya ma Kotun Ƙoli ta yi irin wannan hukunci a 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda ta samo asali daga korar wasu ɗalibai, ciki har da Garba, bayan tarzomar ɗalibai ta 1983. Kotun ta soke korar, kuma daga cikin dalilanta akwai cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, don haka bai kamata ya zama alƙali a al'amarin da yake da ruwa da tsaki a cikinsa ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ci gaba da tabbatar da wannan haƙƙi na sauraro cikin adalci.

Sanin wannan ya sauya yadda nake zama a kwamitin. Na daina ganin aikina a matsayin roƙon afuwa kawai, na koma yin tambayoyin da doka ta ba ni damar yi: ko an ba ɗalibin tuhumar a rubuce, ko an ba shi isasshen lokacin shiri, ko ya ga rahoton da aka rubuta a kansa, ko malamin da ya kawo ƙara yana cikin masu yanke shawara. Akwai ranar da na nemi a ɗage zama saboda ɗalibin ya karɓi takardar gayyata ne da safiyar ranar, kuma ko da yake wasu sun nuna gajiya, shugaban ya amince, yaron ya dawo da shaidar asibiti da ta wanke shi. Na lura cewa malaman da na ɗauka za su ji haushin irin waɗannan tambayoyi su ne suka fi mutunta su, domin su ma ba sa son kotu ta rushe hukuncinsu bayan shekaru.

Ba zan ɓoye ba cewa akwai dokokin da nake ganin sun yi faɗi fiye da kima, musamman wadda ke hukunta duk wani hali da ka iya zubar da mutuncin jami'a. Irin wannan jimla tana iya haɗiye ɗalibin da ya yi zagi da wanda ya rubuta ƙorafi na gaskiya a Facebook a kan rashin ruwa a ɗakin kwana, kuma idan aka bar fassararta ga wanda aka soka, ba za a rasa son zuciya ba. Na faɗi haka a gaban kwamitin, ban yi nasara ba, kuma har na sauka dokar tana nan yadda take.

Inda muka sami biyan bukata shi ne batun ɗaukaka ƙara. Kundin ya ba ɗalibi ƙayyadadden wa'adi ya rubuta wa hukumar gudanarwar jami'a idan bai gamsu da hukunci ba, amma wasiƙar da ake ba shi ba ta ambaton hakan, sai wa'adin ya wuce yana gida yana kuka ko yana neman wanda zai yi masa hanya. Ni da sakataren kwamitin muka rubuta shawarar a riƙa ƙara sakin layi ɗaya a ƙarshen kowace wasiƙar hukunci, mai bayyana wa'adin da ofishin da za a kai takarda, shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai ya mara mana baya, aka kuma fara aiki da ita a zangon karatun da ya biyo baya.