Abin da garin kabon ya yi wa karfasar da na gwada

Garin ya zo mana a cikin 'yar kwalba da ba ta kai tsawon yatsa ba, baƙi ƙirin, ba nauyi, ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya tashi. Shi ya sa ba a buɗe shi sai da takunkumi da safar hannu. Bututun kabon ne na nano, irin mai bango ɗaya, kaurin kowanne nanomita ɗaya ne zuwa biyu. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, silin gashin mutum ya kai kusan nanomita 80,000. Tun da Sumio Iijima na Japan ya bayyana bututun kabon a 1991 ake ta cusa shi a batura da robobi masu ƙarfi da kayan wasanni, kuma duk abin da aka ƙera wata rana zai lalace, ruwa ya kwashe ɓurɓushinsa zuwa rafi. Aikina na digiri na biyu shi ne in ga abin da yake yi wa kifi.

Yawancin abokan karatuna tarwada suke ɗauka don ta fi araha kuma tana da taurin rai. Taurin ran nan ne ya sa muka guje ta. Tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar waje, don haka ko gaɓoɓin numfashinta na ruwa sun lalace sai ta leƙo sama ta haɗiyi iska ta koma abinta. Malam ya ce mini, "Kifin da zai ɓoye maka ciwonsa ba shi kake nema ba." Muka sayo ƙananan karfasa, muka bar su suka saba da tankuna kafin a fara komai.

Inda aikin ya fi ba ni wahala ba wajen kifin ba ne, wajen sa garin ya zauna cikin ruwa ne. Ba ya narkewa. Kana zuba shi zai dunƙule, wani ya yi ta yawo a sama, wani ya manne a jikin gilashi, sauran ya kwanta a ƙasa. Dole a haɗa shi da wani sinadarin sabulu da ake kira SDS, a sa a na'urar da ke girgiza ruwa da sauti na tsawon sa'o'i, sannan ya watsu ruwan ya yi toka-toka. To amma shi kansa SDS ɗin yana taɓa kifi. Ke nan idan kifi ya galabaita, wa za a kama, kabon ko sabulu? Saboda haka tankunanmu iri uku ne: na ruwa zalla, na ruwa da SDS kaɗai, sai masu SDS da kabon a ma'auni daban-daban.

Wannan tanki na tsakiya ba ƙawa ba ne, akwai tarihi a bayansa. A 2004 Eva Oberdörster a Amurka ta sa ƙananan kifin bas a ruwa mai ɗauke da C60, wato ƙwallon kabon mai atom sittin, rabin miligiram a lita na tsawon awa 48, ta samu alamar lalacewar kitse a ƙwaƙwalwarsu. Labarin ya zaga duniya. A 2007 Theodore Henry da abokan aikinsa suka sake duba batun da 'ya'yan kifin zebra, suka gano cewa abubuwan da ke fitowa daga lalacewar sinadarin THF, wanda ake amfani da shi wajen watsa C60 cikin ruwa, su ne suka fi yin ɓarnar. Haka kuma a Hon Kon, a wannan shekarar, an ga ƙwan kifin zebra ya yi jinkirin ƙyanƙyashewa a ruwa mai bututun kabon, masu binciken suka ɗora zargin a kan ƙarafan kobal da nikel da suka rage a jikin garin tun daga masana'anta. Tun daga nan duk takardar da na karanta, kafin in duba sakamakonta sai na fara neman yadda aka haɗa ruwan.

Kallon kifi kuma sana'a ce mai zaman kanta. Inuwarka kawai ta isa ta sa karfasa ta firgita, numfashinta ya ƙaru, lissafinka ya ɓaci. Muka rataya baƙin yadi a gaban tankunan, muka huda 'yan ƙofofi. Nakan zauna a bayan yadin da agogo a hannu, in zaɓi kifi ɗaya in ƙirga sau nawa murfin kunnensa, wato na gaɓar numfashinsa, ya buɗe ya rufe a minti guda, kullum a lokaci ɗaya. Ranar da aka ɗauke wuta injin hura iska ya tsaya, lissafin wannan lokaci zubar da shi ake yi, don ƙarancin iska ma yana sa kifi haki. Ƙa'idar gwajin guba ga kifi ta OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, ta ce kada iskar da ke cikin ruwa ta sauka ƙasa da kashi 60 cikin ɗari na abin da ruwan zai iya ɗauka, kuma idan fiye da kashi 10 na kifin tankin ruwa zalla suka mutu, gwajin ya rushe.

Haki ne ya fara bayyana. Kifin tankunan kabon suka riƙa buɗe kunne da sauri, suna taruwa kusa da inda iska ke ɓulɓulowa. Daga baya na fara ganin wasu siraran zaruruwa baƙaƙe suna reto daga kunnensu. Majina ce jikin ke fitarwa don ya kare kansa, garin ya manne mata. Sai faɗa. Karfasa dama ba ta da haƙuri da 'yar uwarta, ko a tankin ruwa zalla akwai mai cin zali ɗaya da ke kame kusurwa, amma a tankunan kabon cizon ya wuce misali, wutsiyoyi duk suka yage. Ba mu muka fara ganin haka ba. A Jami'ar Filimos ta Ingila, Catherine Smith da Benjamin Shaw da Richard Handy sun ba da rahoto a 2007 kan kifin tirawut da suka sa a ruwa mai miligiram 0.1 zuwa 0.5 a lita har kwana 10: haki, majina, kumburin gaɓoɓin numfashi, da cizon juna da ya kai ga mutuwar wasu. Wannan ya jefa ni cikin wata matsalar lissafi. Kifin da 'yan uwansa suka cije har ya mutu, kabon ne ya kashe shi ko faɗa? A littafina na ware musu layi daban, kuma har yanzu ina ganin hakan ne daidai.

Da muka fede su, hanjin na tankunan kabon cike yake da baƙin abu kamar an ɗura kwalli. Kifin ruwan daɗi ba ya shan ruwa sosai, sai idan ya shiga damuwa, don haka baƙin hanjin nan shaida ce cewa sun sha. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, siraran ganyayyakin gaɓar numfashi, waɗanda a lafiyayyen kifi suke jere daki-daki da fili a tsakaninsu, sun kumbura, wasu sun haɗe da juna. Fatar wurin siririya ce ƙwarai don iska ta ratsa zuwa jini. Idan ta yi kauri hanyar ta yi nisa, dole kifi ya ƙara haki. Ta wannan gaɓa kuma yake daidaita gishirin jikinsa, ke nan ciwo ɗaya ya taɓa aiki biyu. Na tankin SDS kaɗai ma sun nuna ɗan canji, amma bai kama ƙafar na kabon ba.

Ban yarda a ɗauki irin wannan sakamako a tsorata masunta da masu kiwon kifi da shi ba. Ma'aunin da ake zubawa a ɗakin gwaji ya ninka abin da ake ƙiyasin yana cikin koguna sau dubbai. Abin da ya fi damuna shi ne laka. Garin da ya dunƙule ƙasa yake sauka ya taru, kuma kabon yana da halin jawo wasu sinadarai masu guba su manne masa. Ruwan rafi ma ba irin na tanki ba ne, ruɓaɓɓen ganye da ke cikinsa yana iya riƙe bututun ya daɗe yana yawo ba tare da an sa sabulu ba. Wanda zai ɗora daga inda na tsaya, ya ɗebo ruwan rafi da lakarsa, kuma a nan tarwadar da muka ƙi za ta yi amfani, tunda ita ce mai kiwo a ƙasa.

Ruwan tankunan ba mu zuba a kwata ba, tacewa muka yi muka tara dattin a jarkoki tare da sauran sharar sinadarai. Kifin ma haka. Baban da ke share mana ɗakin gwaji ya roƙi a bar masa na tankin ruwa zalla, ya ce ai su ba su ci komai ba. Malam ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, duk abin da ya shigo ɗakin nan ba ya zuwa tukunya," ya ba shi kuɗin da zai sayi wani a kasuwa.