Siffar Ibada ta Yumbu: Aikin Hannu Daban, na Zubi Daban

Tsakanin shekarun 1950 da 1970 masu ginin yumbu a Turai da Amurka sun yi yayin wani salo: siffar Maryamu, ko mala'ika, ko waliyyi, doguwa siririya, fuska babu ido babu hanci. Sunkuyar kai da faɗuwar mayafi su ne ke gaya maka ko wane ne. Sabbin majami'un da aka gina bayan yaƙin duniya na biyu sun karɓi salon, kuma a Ingila har gidan sufaye na Aylesford ya buɗe wurin ginin tukwane a 1954. Irin waɗannan siffofin muke gyarawa a shagonmu, muna kuma gina sabbi da hannu.

Mai gani daga nesa sai ya ce aikin sauƙi ne tunda babu fuska. Ina! Inda babu ado, karkatar wuya da yatsa ɗaya ma tana ɓata siffa.

Yumbun mukan haɗa shi da garin tsingaro, kashi ɗaya cikin huɗu, don ya rage tsukewa ya kuma riƙe tsayi. Cikin siffa rami ne, kaurin bango kada ya wuce santimita 2, a bar ƙofar iska a gindi. Kai da hannaye ana liƙa su ne sa'ad da danshinsu ya zo ɗaya da na jiki. Aka saɓa wannan, to a wuya za ta tsage. Siffa mai santimita 40 sai ta yi mako uku lulluɓe da leda tana bushewa, balle da hunturu, da iska ke busar da waje ta bar ciki jiƙe. Gashin farko ya kai digiri 1,000 a ma'aunin Celsius, amma ana lallaɓa wuta har a wuce 200 saboda tururi, a sake lallaɓawa wajen 573, inda yashin cikin yumbu ke kumbura farat ɗaya. Gashi na biyu 1,280 ne, da shafen toka da tsatsar ƙarfe. Mukan ƙara kashi 12 cikin ɗari a awo, domin wuta sai ta ci rabonta.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne 'yan zubi. Su kwarara ruwan yumbu a mazubin filasta, su fitar da hamsin iri ɗaya, su goga ƙasa a gindi, a sayar da sunan tsohon aiki. Mai saye kuma ya zo yana taya namu da farashin nasu! Juya siffar ka duba: ta zubi ba ta da nauyi, cikinta sumul, ga layin haɗi a gefe. Ta hannu akwai sawun yatsa a ciki, sau da yawa da hatimin maginin da aka danna tun yumbu na ɗanye.

In taka ta karye, kada ka taɓa ta da gam mai kamawa nan take, kankare shi ya fi gyaran wuya. Tattara ɓaraguzan har ƙanana, ka naɗe kowane daban a takarda, ka kawo.